Matakan Zaɓen Kwantirolar Sola Don Jirgin Ruwa Mai Tafiya da Iska

Farantin sola da aka kafa a rufin gida ba ya motsi. An daidaita fuskarsa ga rana, an ɗaure, shi ke nan. In ba wata bishiya ko tankin ruwan maƙwabci ba, babu abin da zai shiga tsakaninsa da haske daga hantsi har la'asar. Na jirgin ruwa mai tafiya da iska kuwa yana zaune ne a ƙarƙashin doguwar sandar tsakiya, da sandar kwance da ke lilo hagu da dama, da manyan ƙyallayen da ke kama iska, da wayoyin ƙarfen da ke riƙe da sandar. Ga jirgin kansa yana juyawa a kan anka duk sa'ad da iska ta sauya. Inuwa takan wuni tana yawo a kan farantan, kuma ita ce za ta gaya maka irin kwantirolar da za ka saya da guda nawa, kafin ma a zo maganar yawan wat.

Aikin kwantirola shi ne tsayawa tsakanin faranti da batir. Tana tura wuta da ƙarfi in batir ya yi ƙasa, tana sassautawa in ya kusa cika, da dare kuma tana hana wutar komawa baya. Wanda ya taɓa haɗa sola a gida ya san wannan. Abin da ya bambanta a teku shi ne babu wutar gwamnati da za a jira, kuma batirin nan shi ke riƙe da fitilun da ke nuna wa sauran jirage inda kake, da rediyo, da na'urar tuƙi mai sarrafa kanta.

Mataki na ɗaya: ka san abin da jirgin ke ci

Ɗauki takarda ka jera duk abin da ke jan wuta, ka ninka amfiyarsa da awannin da yake aiki. Firji ne yakan cinye kaso mafi girma in jirgi na tsaye. A ce yana jan amfiya 4 kuma injinsa na aiki rabin yini, ya ci amfiya-awa 48 ke nan. In ana tafiya, na'urar tuƙi mai jan amfiya 3 dare da rana za ta ƙara 72. Ka haɗa da fitilu da rediyo da cajin waya. Mu ɗauka jimillar ta ɗan haura 120 a batir mai bolt 12, wato kusan wat-awa 1,500 a rana. Farantin da ke kwance a saman jirgi, a ranar da sama ta yi tas a ƙasashe masu zafi, yakan ba da abin da ya kai ninki huɗu na wat ɗinsa, saboda haka kana neman wat 400 zuwa 450. Ka rubuta kuma ko baturanka na bolt 12 ne ko 24, domin duk lissafin gaba a kansa zai hau.

Mataki na biyu: juya farantin ka karanta bayansa

Akwai takarda manne a bayan kowane faranti, kuma lambobi huɗu ne suka dame ka a cikinta. Voc shi ne bolt ɗin da faranti ke kaiwa in ba a jona masa komai ba. Vmp shi ne bolt ɗin da yake ba da mafi yawan ƙarfinsa. Imp ita ce amfiyar da ke tafiya da wannan bolt, Isc kuma amfiyar da za ta gudana in an haɗa wayoyinsa biyu kai tsaye. Faranti mai wat 100 irin wanda ake ce wa na bolt 12, mai sel 36, yakan nuna Voc kusan 22, Vmp kusan 18, Imp kusan 5.5, Isc kusan 6. An auna duka ne a zafin digiri 25 da hasken wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, yanayin da ba kasafai farantinka zai gani ba. In ya yi zafi bolt ɗinsa ya sauka, in ya yi sanyi ya hau. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa sau biyu.

Mataki na uku: PWM ko MPPT

Kwantirola iri biyu ce a kasuwa. Ta PWM makunni ce mai saurin buɗewa da rufewa. In ta rufe, ta jona faranti da batir kai tsaye, sai faranti ya sauko zuwa bolt ɗin batir ko yana so ko ba ya so. Farantin nan mai wat 100 zai ci gaba da ba da amfiya 5.5 ko ɗan fiye, amma a bolt 13.5 na batir maimakon 18. Ninka su ka gani: kusan wat 75. Sauran 25 ba su ɓace a waya ba, tun farko ba a bar faranti ya samar da su ba.

Ta MPPT tana barin faranti ya tsaya a bolt ɗin da ya fi masa, tana laluben wannan wuri a kai a kai, sannan ta sauke bolt ɗin zuwa na batir ta mai da rarar amfiya. Daga wannan faranti, a haske iri ɗaya, za ta iya tura wa batir amfiya 7.

A nan ya kamata a yi adalci ga PWM. Farantin da ya sha rana a Karebiyan ko Bahar Maliya yakan yi zafin da hannu ba zai iya daɗewa a kansa ba, kuma a irin wannan zafi Vmp ɗinsa kan faɗo daga 18 zuwa wajen 15 ko 16. Tazarar da MPPT ke cin riba a kanta ta ragu ƙwarai ke nan. Mai ƙaramin jirgi da faranti ɗaya na wat 30 ko 50, wanda burinsa kawai kada batirin tayar da inji ya mutu yayin da jirgi ke ɗaure a tasha, PWM mai kyau ta ishe shi. Kamfanin Morningstar na Amurka ya daɗe yana yin irinta mai suna SunSaver, wadda aka toshe cikinta da roba don kada laima ta shiga.

Amma ga wanda zai zauna a cikin jirgin, ni MPPT nake zaɓa masa ba tare da dogon tunani ba. Dalili shi ne wuri. A gida in wuta ta gaza sai ka ƙara faranti. A jirgi mai tsawon mita 11 ko 12 babu inda za ka ƙara shi, dole abin da ka kafa ya ba da iyakar ƙoƙarinsa. Akwai kuma dalili na biyu. Manyan farantan rufin gida masu wat 400, waɗanda yanzu suka fi araha a kowane wat, Vmp ɗinsu kan wuce bolt 30. Jona irinsa da PWM a batir mai bolt 12, amfiya 13 sau 13.5, ka tashi da kusan wat 175. Ka biya kuɗin faranti guda, kana cin ƙasa da rabinsa.

Ka kuma yi hattara da na jabu. Akwai ƙananan kwantirola masu rahusa da aka buga wa MPPT a goshi alhali cikinsu PWM ce. Araha ba ta ado. Ta gaske tana da naɗin wayar jan ƙarfe mai kauri a ciki, shi ya sa take da nauyi a hannu, kuma takardarta za ta faɗi iyakar bolt ɗin da take karɓa daga faranti, kamar 75 ko 100. In ka ɗaga ta ka ji ta sakayau, ga tashar cajin waya biyu a gaba, ga farashin bai kai na abincin rana ba, ajiye ta.

Mataki na huɗu: bi sawun inuwa, sannan ka yanke guda nawa za ka saya

Wannan ne matakin da ya fi cancantar lokacinka. Sel ɗin da ke cikin faranti a jere suke, wutar ɗaya na bi ta cikin na gaba, kamar masu miƙa bulo hannu da hannu a wurin gini: in mutum ɗaya ya rage sauri, layin gaba ɗaya ya rage. Inuwar da ta rufe sel ɗaya ruf tana iya durƙusar da duk rukunin da yake ciki. Masu ƙera faranti sun san haka, shi ya sa suke saka dayod biyu ko uku a akwatin bayansa don wuta ta kewaye rukunin da inuwa ta kama. Sai dai kewayewar na da tsada. A faranti mai sel 36 da dayod biyu, in an tsallake rabi, bolt 18 ya koma 9, ƙasa da na batir, kuma kwantirola mai sauke bolt ba ta da abin da za ta yi da shi.

Siririyar inuwar wayar ƙarfe ba ta cika ɓarna ba. Masu ɓarnar su ne sandar kwance, da ƙyallen da aka naɗe a kanta, da tulun rada, da injin iska mai fanka da mutane ke son kafawa daidai kusa da farantai a bayan jirgi.

Dubi masu tsallaka Atlantika. Tun 1986 ake yin gangamin ARC, inda jirage ke tashi daga Las Palmas a tsibiran Kanari cikin watan Nuwamba su nufi Karebiyan, tafiyar mil na teku kusan 2,700. Jirgi ya fuskanci yamma, rana kuma a wannan lokaci na shekara tana ta kudu, wato hannun hagu. Farantin hagu na shan haske, na dama yana shiga inuwa yana fita. Da la'asar rana ta koma gaba, ƙyallayen suka tare ta, farantan baya duka suka dushe. In ka haɗa hagu da dama a sarƙa, wato fosatif ɗin wannan cikin negatif ɗin wancan, a kan kwantirola ɗaya, na inuwa zai riƙa jan na rana ƙasa har sai dayod ta tsallake shi. In ka haɗa su kafaɗa da kafaɗa, fosatif da fosatif, abin ya fi sauƙi, domin na rana zai ci gaba da aikinsa. Duk da haka kwantirola ɗaya bolt ɗaya kawai za ta iya zaɓa wa su biyun.

Saboda haka shawarata ita ce kowane faranti da kwantirolarsa, ko aƙalla kowane rukuni da ke shiga inuwa tare ya samu tasa. Ƙanana biyu ko uku za su fi babba ɗaya tsada da ɗan abin da ba shi da yawa, kuma za ka ja ƙarin waya. Abin da ka saya da wannan kuɗi shi ne kowane faranti na aiki a kan gashin kansa, sannan in ɗaya ta lalace a tsakiyar teku sauran na nan. Babu matsala a jona kwantirola da yawa a batir ɗaya muddin saitinsu iri ɗaya ne.

Kada ka yarda da hasashe. Ka kwana ɗaya a jirgin, ka ɗauki hoton wurin da kake son kafa farantan da safe, da tsakar rana, da la'asar, sandar kwance a tsakiya sannan an ture ta gefe. Farantai biyu da ke can baya a saman ƙarfen rataya ƙaramin kwalekwale, nesa da komai, suna iya zama a sarƙa a kan kwantirola ɗaya, har ma akwai riba, domin bolt mai yawa na nufin siririyar waya da fara caji da wuri. Wanda ke kan rufin ɗaki a ƙarƙashin sandar kwance kuwa, kada ka haɗa shi da kowa. Haka nan faranti mai lanƙwasa da mai gilashi in lambobinsu sun bambanta.

Mataki na biyar: lambobi biyu na jikin kwantirola

Kamfanin Victron na ƙasar Holan, wanda kayansa suka cika jiragen yawon teku, yana rubuta sunan kwantirolarsa da lambobi biyu, kamar 75/15 ko 100/30. Ta farko iyakar bolt ɗin da za ta jure daga faranti, ta biyu iyakar amfiyar da za ta tura wa batir. EPEver da Renogy da Morningstar duka suna ba da waɗannan lambobi a takardunsu, ko da ba a cikin suna ba.

Lambar farko ba a wasa da ita. In bolt ya haura ta, kwantirola na iya ƙonewa, kuma garanti ba zai biya ba. Haɗa Voc na duk farantan da ke sarƙa ɗaya, ka ƙara na sanyi. Voc yana hawa da kusan kashi 0.3 cikin ɗari a kowane digiri ƙasa da 25. A ce kana da farantai biyu masu wat 175, kowanne Voc 24. A sarƙa sun zama 48, a safiyar da sanyi ya kai digiri 0 kuma kusan 52. Mai 75 ta ɗauka, mai 100 ta ɗauka da sarari. Uku a sarƙa kuwa 72 ne a digiri 25, su haura 77 a sanyi, mai 75 ta fita daga lissafi.

Lamba ta biyu tana da sassauci. Raba wat da bolt ɗin caji: 175 a raba da 13 ya ba da kusan amfiya 13.5, don haka 75/15 ta dace da faranti ɗaya, kuma kamfanin da kansa ya ba ta wat 220 a bolt 12. Su biyun tare, amfiya 27, sai 100/30, wadda aka ba wat 440. In farantanka sun ɗan fi ƙarfin kwantirola ta MPPT, za ta tsaya a iyakarta ne kawai, ka yi asarar ɗan abin da ke sama da tsakar rana. Sai dai ka duba iyakar Isc da aka rubuta mata kada ka wuce. Ga PWM ba haka ba ne: ninka Isc da 1.25, ka sayi wadda ta kai wannan amfiya.

Akwai kuma iyaka ta ƙasa, wadda ake yawan mantawa. Kwantirolar Victron ba ta fara aiki sai bolt ɗin faranti ya fi na batir da 5, bayan ta fara kuma rarar bolt 1 ta isa. Faranti mai Voc 22 ya wuce wannan. Wasu masu lanƙwasa da ke da ƙarancin sel suna bakin iyaka, musamman in sun yi zafi ko batirin litiyom na zaune a 13.3. Ga irin waɗannan akwai kwantirola mai ɗaga bolt sama maimakon sauke shi, irin GVB-8 ta kamfanin Genasun.

Mataki na shida: ta san irin batirinka

Batir ya fi kwantirola tsada nesa ba kusa ba, kuma saiti mara kyau ne ke kashe shi a hankali. Batirin dalma mai ruwa yakan so a kai shi bolt 14.4 zuwa 14.8, a riƙe shi a nan na wani lokaci, sannan a sauko wajen 13.5. Na jel ya fi son ƙasa da haka, wajen 14.1, kuma in an matsa masa ya bushe ba gyara. Duk batirin dalma na buƙatar a rage bolt in ya yi zafi, don haka kwantirolar ta zama mai auna zafin batirin kansa, ko da waya ko da ƙaramar na'urar da ake manna masa.

Litiyom irin LiFePO4 nasa daban ne: wajen 14.2, babu gyaran bolt saboda zafi, babu cajin nan mai tsanani da ake yi wa batirin ruwa lokaci lokaci don daidaita gidajensa, kuma ba a caja shi in sanyi ya kai na ƙanƙara. Yana da na'urar tsaro a ciki da ke iya yanke shi daga layi farat ɗaya. In hakan ta faru rana na tsaka, bolt na iya tsalle a layin jirgi ya taɓa kayan lantarki, shi ya sa ya fi kyau na'urar tsaron ta iya kashe kwantirola ta wayar umarni kafin ta yanke batir. Ka nemi wadda za ka iya shigar mata da lambobi da hannunka, ka kuma ɗauko lambobin daga takardar kamfanin batirinka. Ko da dalma kake amfani da shi yau, sayi wadda ta san litiyom.

Mataki na bakwai: abubuwan da teku ke ƙarawa

Gishiri na cikin iska ko da ruwa bai taɓa na'ura ba. Nemi wadda aka toshe cikinta ko aka shafe allonta, mai huce zafi ta ƙarfen bayanta. Mai fanka tana zuƙo iska mai gishiri ne tana hura wa kanta. Yawancinsu ba a yi su don feshin ruwa ba, wurinsu cikin jirgi ne.

Jirage negatif suke haɗawa wuri ɗaya da jikin inji. Wasu PWM masu araha fosatif ne haɗe a cikinsu, suna yanka wuta ta negatif. In negatif ɗin faranti ya taɓa na jirgi a irin wannan, an kewaye kwantirolar, wuta na zuba cikin batir babu mai tsayar da ita. Tambayi mai sayarwa, in ya yi shiru duba takarda.

Sai rediyo. MPPT na kunnawa da kashewa sau dubbai a daƙiƙa, kuma marar kyau takan cika rediyo da shuu. Tasha ta 16 a VHF, megahaz 156.8, ita ce ta kiran gaggawa, AIS kuma da ke nuna maka manyan jirage tana kusa da 162. Kwantirolar da ke toshe maka waɗannan ba ta da wurin zama a jirgi, komai arhar ta.

Mataki na takwas: kafawa da gwaji

Kafa ta a tsaye, kusa da batir, da sarari sama da ƙasa don iska. Kada ta zauna daidai saman batirin ruwa, domin yana fitar da iskar haidirojin, kuma kada ta shiga wurin injin fetur ko na tukunyar gas sai an rubuta cewa ba ta tayar da tartsatsi. Ɗakin inji ma ya yi zafi, za ta rage ƙarfinta da kanta.

Waya ta zama ta jan ƙarfe mai silli da yawa da aka shafe da kuza. Tsakanin kwantirola da batir kauri na da muhimmanci, domin kwantirola tana auna bolt ne a bakinta. Amfiya 30 a tazarar mita 2, zuwa da dawowa mita 4, tana zubar da kusan bolt 0.35 a waya mai kaurin milimita murabba'i 6. Kwantirola za ta ga 14.4 alhali batir na 14.05, ta sassauta kafin lokaci. Da waya mai 16 asarar ta koma kusan 0.13. Saka fis a wayar fosatif dab da batir. Ƙa'idar ABYC ta Amurka ta ce cikin inci 7, wato kusan santimita 18. Saka makunni a ɓangaren faranti kuma.

Batir ake fara jonawa, domin da shi kwantirola ke gane ko 12 ne ko 24, sannan faranti. Wajen kwancewa faranti ne farko.

Gwajin sai da rana tsaka kuma batir bai cika ba, don haka ka bar firji da fitilu su ci shi da dare. Auna amfiyar da ke shigowa daga faranti da wadda ke fita zuwa batir. A MPPT ta gaske ta fita ta fi yawa, in kuwa daidai suke PWM aka sayar maka. Kunna VHF a tashar da babu mai magana, ka sassauta maɓallin toshe ƙara har shuu ya fara, ka kashe makunnin faranti ka kunna, ka ji ko ƙarar ta sauya. Sannan ka ture sandar kwance zuwa hagu, ka dawo da ita dama, kana kallon wat ɗin kowace kwantirola. In farantin da ke cikin rana ya faɗi tare da wanda inuwa ta rufe, raba su.